Anti Rukaya da Kuɗin Masu Laifi

Duk wanda ya zauna a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro, nan ƙasar Turawa, cikin mutanenmu ya san gidan Anti Rukaya, ko da bai riƙe lambar gidan ba. Ƙaramin gida ne na katako mai fenti ruwan ƙwai da 'yar baranda a gaba, ɗaliban jami'a sun sa shi a tsakiya hagu da dama. Ran Asabar da hantsi ƙanshin shinkafa da waken da take sayarwa, wanda su mutanen Gana ke ce wa waakye, shi ke yi wa baƙo jagora. Shekara shida na yi ina haya a gidan da ke kallon nata, tun ina sabuwar zuwa daga Zariya ban san ko inda ake sayar da daddawa ba. Ita ta kai ni shagon, ita ta koya mini shiga bas, ita ta tsaya mini a asibiti ranar da na haifi ɗana na fari. Sunana Bebi, amma ita Zariya take kirana har yau.

A zangon Kumasi aka haife ta. Kakanta fataucin goro ya kai shi can daga ƙasar Katsina, ya ga wuri ya zauna. Ta zo Greensboro ne a bayan mijinta Baba Rauf, wanda ke tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Da farko shara da goge-goge take yi a manyan gidajen Irving Park, unguwar masu kuɗi, daga baya ta samu aikin ɗinkin rigunan kushin a wani kamfanin kujeru a hanyar High Point. Allah bai ba su haihuwa ba, amma ban taɓa shiga gidan na tarar babu ɗan wani a kan tabarma yana cin abinci ba.

Hausarta irin ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. “Yarinyar nan ya ci abinci?” Haka take tambaya. In muka yi dariya sai ta ce mu 'yan Najeriya ne muke wahalar da kanmu. Maganganunta da zan kawo a nan na ɗan gyara su, kada a ce ni ce ban iya ba. Ga ta da surutu. Baba Rauf yakan ce tun da ya aure ta bai sake sayen rediyo ba.

Saboda wannan bakin nata ne duk wanda ya zo sabo, daga Nijar ko Gana ko Najeriya, ita ke raka shi asibiti ko makarantar yara ta yi masa tafinta. A haka lambarta ta shiga hannun ma'aikata. Wata Talata tana kan keken ɗinki aka kira ta. Wata mata ce mai suna Miss Darlene, daga cibiyar da ake kai yaran da ake zargin an ci zarafinsu. Ta ce suna da yarinya 'yar shekara bakwai da ba ta jin komai sai Hausa, sun gwada tafinta ta waya yarinyar ta ƙi buɗe baki.

Anti Rukaya ba ta taɓa jin akwai irin wannan wuri ba. Miss Darlene ta zagaya da ita. Ɗaki ne mai ƙananan kujeru da takardun zane da na'urar ɗaukar hoto a kusurwa. Mutum ɗaya ne ke yi wa yaro tambaya, a hankali, ɗan sanda mai bincike da ma'aikaciyar kula da yara suna wani ɗaki suna kallo a talabijin. Yaro zai faɗi abin da ya same shi sau ɗaya, ba sai an yi ta yawo da shi ofis-ofis yana maimaitawa ba. Akwai likita a wurin, akwai mai zama da yaro duk mako har hankalinsa ya kwanta, kuma iyaye ba sa biyan ko sisi.

Sannan aka gindaya mata sharuɗɗa. Kada ta ƙara, kada ta rage. Kada fuskarta ta nuna komai. Kada ta taɓa yarinyar ko ta lallashe ta. Abin da ta ji a ɗakin kuma, a ɗakin zai tsaya.

Da ta gaya wa Baba Rauf sharaɗi na ƙarshe, sai da ya ajiye cokali don dariya. “Ke? Rukaya? Ai sun ɗauki kwando za su ɗebi ruwa.”

Ya yi kuskure. Yau shekara takwas ke nan, ko kalma ɗaya daga bakin yaran nan ban taɓa ji daga wurinta ba, ni da muke raba gishiri. Abin da na sani game da wannan yarinya, wadda zan kira Chamsiya, a kotu na ji shi, sauran kuma mahaifiyarta Oumou ce ta gaya mini da bakinta, ta kuma yarda in rubuta.

Oumou 'yar Maradi ce, kitso take yi a wani shago. Mijinta na fari ya rasu, ta sake aure a nan, bayan shekara biyu ta samu aka kawo mata 'yarta daga wurin kaka. Tana fita tun safe ba ta dawowa sai magariba, mijin ne ke gida da yarinyar bayan an tashi makaranta. Chamsiya na fitsarin kwance, kamar yadda yara da yawa ke yi in an canza musu wuri. Mijin ya fara dukanta da wayar wuta. Rannan ya ɗora mata dutsen guga a baya, ya ce in ta faɗa wa uwarta za a mayar da su duka gida. Malamar ajinsu ce ta lura kwana uku yarinyar ba ta jingina da kujera.

Abin da Anti Rukaya ta yarda ta gaya mini game da ranar, nata ne kawai. Ta ce hannuwanta ta sa a ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu, don ta san in ta bar su za su rungumi yarinyar. Da aka gama ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kuka, ta wanke fuska, ta fito ta sa hannu a takarda. A ranar ba a ɗora tukunya a gidanta ba.

Ba a yi mako ba labari ya zagaya cewa ita ce ta yi tafinta. Dattawa uku suka zo wurin Baba Rauf bayan la'asar. Ina gidan ina tsince mata wake, muna jin su daga kicin. Suka ce abin kunya ne a kai ɗan'uwa Musulmi hannun hukuma a ƙasar mutane. Suka ce horo ne ya wuce gona da iri, kuma wane ne cikinmu bai sha bulala ba. In za a sake kiranta, ta sassauta harshe, tunda Turawan ba sa jin abin da yarinyar ke faɗi.

Ta goge hannu a zani, ta yafa mayafi, ta fita ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

“Alhaji, ni ma an dake ni,” ta ce da babbansu. “Babata ta dake ni da muciya har ta karye. Amma ba ta taɓa sa mini wuta ba. Ku da kuka zo, akwai wanda ya je ya ga bayan yarinyar?”

Ta dube su, sannan ta ci gaba.

“To ni amana aka ba ni. Abin da ta ce shi na ce. In na juya maganar marainiya, ranar gobe wa zai yi mini tafinta a gaban Allah?”

Da suka tashi, Baba Rauf ma ya miƙe. Ya raka su bakin mota, ya dawo ya ce mata, “Ki ƙara gishiri a miyar nan, jiya ba ta ji ba.” Irin goyon bayansa ke nan.

Asabar ɗin da ta biyo baya rabin tukunyar waakye ya kwana, don mutanenmu sun ƙaurace mata. Haka ta gaba. Ta riƙa rabawa ɗaliban da ke maƙwabtaka da ita, har suka saba suna zuwa da robobinsu. Da aka fara karo-karo don ɗaukar wa mutumin lauya, wata mata ta kawo mata kwanon a wurin suna. Anti Rukaya ta leƙa ciki ta ce, “Ina na yarinyar? A nuna mini shi in fara sakawa.” Babu na yarinyar. Matar ta wuce da kwanonta.

Mutumin ya amsa laifinsa a kotu. Aka ɗaure shi, aka hana shi kusantar yarinyar, aka ɗora masa tara da kuɗin kotu. Chamsiya ta ci gaba da zuwa cibiyar duk Laraba wurin mai zama da ita, Anti Rukaya na yi musu tafinta har yarinyar ta iya Turancin da ya ishe ta. Daga nan aka riƙa kiranta jefi-jefi don wasu yaran, wani lokaci sau biyu a wata, wani lokaci a yi wata uku shiru.

Bayan kamar shekara biyu ta lura abubuwa sun canza. Masu zama da yara su uku ne, suka koma biyu. Yaron da a da ake gani cikin mako, sai ya jira wata biyu. Ta tambayi Miss Darlene. Matar ta ce wani tallafi da suke samu ne aka rage, kuma dama haka suke, bana akwai baɗi babu, suna roƙon masu hali suna shirya liyafar neman taimako.

“To kuɗin da alƙali ya sa mutumin nan ya biya fa? Ina suka tafi?”

“Wani kaso na gwamnati ne, wani na makarantu. Nan ba ya zuwa.”

“Ei! Shi ya ƙona yaro, ku kuka yi jinya, kuɗin kuma ya bi wata hanya?”

Miss Darlene ta ce a wasu jihohin akwai wani kuɗi na musamman da ake ɗora wa duk wanda aka samu da laifin cutar da yaro, kuma kai tsaye irin cibiyarsu ake ba. Ta ce su ma suna neman a yi haka, har ƙungiyoyinsu sun shirya zama a Raleigh, babban birnin jiharmu, sun gayyaci wasu 'yan majalisa. Ta roƙe ta ta zo ta yi magana, don ba su da kowa daga cikin baƙi irinmu.

Na ɗauka za ta yi tsalle ta amsa. Sai ta dawo gida jiki a sanyaye. Abin da ya dame ta shi ne tsarkin kuɗin. Ita ma ana ba ta ɗan abin mota in ta yi tafinta. Ta ce yaya za a ce kuɗin azzalumi ya shiga tukunyarta, ko a sayi takardar zanen yara da shi? Ran Juma'a bayan an sauko ta sa na raka ta wurin Malam Yahya, limaminmu, mutumin Tamale ta Gana, mai sanyin magana.

Ya saurare ta har ta gama, abin da ke ɗaukar lokaci. Sannan ya ce, “Hajiya, in wani ya fasa wa ɗanki kai, alƙali ya ce ya biya kuɗin magani, za ki ce ba kya so don hannunsa ne ya yi ɓarnar?”

“A'a, Malam. Har na mota sai ya biya.”

“To shi ke nan. Wanda ya yi rauni shi ke ɗaukar nauyin rauni, wannan tsohon hukunci ne a wurinmu. Ba sadaka ya yi ba balle a duba zuciyarsa. Hakki ne aka karɓa daga hannunsa.”

Ta fito tana murmushi, har ta fara tsara abin da za ta faɗa tun a mota.

Saura kwana huɗu a tafi, Oumou ta zo yi mata kitso. A lokacin ta riga ta rabu da mutumin, ta koma wani ɗan ɗaki ita da 'yarta. Anti Rukaya na zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyinta tana ba ta labarin Raleigh da abin da Malam ya ce. Sai ta ji hannun Oumou ya tsaya.

“Anti, kin san wa ya biya tarar nan?”

“Shi mana.”

“Ni ce. Yana ciki, ba shi da aiki. 'Yan'uwansa suka zo suka ce ni na jawo masa, in ban biya ba za su kira Maradi su ce na ɗaure mijina. Wata bakwai ina kitso har Lahadi. Takalmin lekol ɗin Chamsiya ma, wanda take zuwa makaranta da shi, sai da ya yage kafin na saya mata wani.”

Anti Rukaya ta ce mini ji ta yi kamar an watsa mata ruwan sanyi. Da rabin kai a tsefe ta tsallako titi ta same ni. “Zariya, kin ji? Ashe yarinyar ce ta biya kuɗin ƙunarta.” Ta ce ba za ta je ba. Washegari ta ce za ta je. Ran Laraba ta sake cewa ba za ta je ba. Ran Alhamis ƙarfe bakwai na safe na leƙo ta taga na gan ta a baranda cikin leshi ruwan goro da ɗaurin kallabi kamar mai zuwa ɗaurin aure, jaka a kan cinya, tana jirana.

Ɗakin taron ya ɗauki mutum kamar sittin. Likita ya yi magana, wani mai gabatar da ƙara ya yi, Miss Darlene ta yi, kowa da takardarsa. Aka ba Anti Rukaya minti uku. Ba ta da takarda. Da Turancinta na Kumasi ta yi magana, ga abin da ta ce gwargwadon yadda na riƙe.

Ta ce sunanta Rukaya, ɗinkin kujeru take yi, kuma bakin yaran da ba su da Turanci ce. Ta ce ba za ta gaya musu abin da yaran suka faɗa ba, amma ta ga yaro ya shiga ɗakin nan kamar kazar da ruwa ya daka, bayan wata shida ta gan shi yana gardama a kan alewa. Ta ce wanda ya ɓata shi ya kamata ya biya kuɗin gyara, ta yarda da wannan ɗari bisa ɗari.

“Amma ku rubuta shi da kyau. Ya fito daga hannunsa shi, daga guminsa, ko bayan ya fito ne. Na san matar da ta biya wa mijin da ya cuci 'yarta, da kuɗin takalmin yarinyar. In haka za a yi, kun ɗauka daga aljihun yaro na dama kun sa a na hagu. Sannan kada ku ce tunda masu laifi za su biya, ku kun huta. Yawancinsu ba su da komai. A garinmu duwatsu uku ake sa wa murhu. Wannan dutse ɗaya ne. Ina sauran biyun?”

Wani ɗan majalisa mai farin gashi ya ɗaga hannu ya tambaye ta yadda hukuma za ta gane ko matar ce ta biya.

“Ku tambayi matan, Yallaɓai. Ba wanda ya taɓa tambayarsu. In ba sa jin Turanci ku kira ni, wannan kyauta zan yi muku.”

Aka yi dariya, aka tafa. Ta yi minti tara, mai riƙe da agogo bai ko motsa ba. A hanyar dawowa ta sa na tsaya ta sayi soyayyar kaza, ta ce tsoro ya hana ta karyawa. Ni dai ban ga alama ba.

Ba zan ce maganarta ta juya gwamnati ba. Har yanzu batun na nan ana kai da komowa, an ce a gyara nan, an ce a jira baɗi. Miss Darlene dai ta gaya mata sun ƙara wani sashe a takardar da suke nema a amince da ita, kan kada nauyin ya faɗa wa iyalin yaron. Anti Rukaya ta sa aka buga mata shafin, ta ajiye a cikin akwatin zannuwanta.

A cikin gida ne aka fi ganin canji. A taron mata na wata-wata ta kawo shawara a riƙa ware wani abu don cibiyar da kuma uwayen da irin wannan ta faɗa wa, aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka yarda. Malam Yahya ya gayyaci Miss Darlene ta zo ta yi wa iyaye bayani wata Lahadi, ta zo da ɗankwalinta a karkace, Anti Rukaya ta gyara mata a bakin ƙofa. Cikin dattawa ukun nan, biyu sun dawo sayen waakye. Na ukun har yau in sun haɗu kai kawai yake ɗaga mata, ita kuwa sai ta tsaya ta tambaye shi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Chamsiya yanzu shekararta goma sha biyar, ta fi uwarta tsawo, tana cikin masu gudu na makarantarsu. In an yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Grandma, wato kaka, take kiran Anti Rukaya. Oumou ta ce ba su taɓa tayar da maganar wancan ɗakin a tsakaninsu ba, ko sau ɗaya.

A watan jiya Anti Rukaya ta ajiye aikin kamfani, idonta ya daina ganin kafar allura. Za ta Kumasi bikin 'yar ƙanwarta, wata uku za ta yi, rabonta da gida shekara goma sha ɗaya. Ta daɗe tana shirya wata matashiyar ma'aikaciyar jinya mai suna Mubina, wadda ta yi kwas ɗin tafinta, don ta riƙe mata wurin. Shekaranjiya na je taya ta ɗaure kaya, na tarar da akwatuna huɗu a tsakar ɗaki, ita kuma tana waya da Mubina tana jaddada mata ta ci abinci kafin ta shiga, kada ta sa turare mai ƙarfi don wasu yaran ba sa so, ta kuma bar motarta nesa da ƙofa saboda idon mutane.

Baba Rauf ya ɗora akwati na farko a kan sikeli ya girgiza kai. “Wannan ya wuce da kilo shida. Me kika zuba a ciki?”

“Man shafawa ne da sabulu. Da takalman yara.”

“Yaran wa?”

“Ban san su ba tukuna,” ta ce, ta dafe wayar da kafaɗa. “Zariya, zo ki hau kansa mu ja zif ɗin.”